Ko dubu biyar na iya kashe zuciyar talaka?

Wanda ya saba sammako a Gombe da damina ya san su. Gari bai gama wayewa ba za ka tarar sun yi dandazo a bakin titi, can wajen fita gari, mata da 'yan mata da samari, har da yaran da ya kamata a ce suna shirin makaranta. Kowa da 'yar fartanyarsa da jarkar ruwa, wata da goyo a baya. Da a-kori-kura ta rage gudu sai a yi kanta ana turereniya, tun mai gonar bai buɗe baki ya faɗi nawa zai biya ba. 'Yan barema ke nan. A kwashe su a yi hanyar Kwami ko Dukku ko Kumo, su wuni a duƙe, sai la'asar sakaliya a dawo da su, a miƙa wa kowa abin da bai wuce na mudun masara da ɗan mai da magi ba. Wadda mota ba ta ɗauka ba, ranar tukunyarta a kife za ta kwana.

Su nake tunawa duk lokacin da kawuna ya ɗauko maganarsa a kan tallafin dubu biyar a wata da gwamnati ta riƙa raba wa talakawa. Manomi ne na gaske, mai noma masara da riɗi da wake, ba irin manoman takarda da ke fitowa lokacin rabon taki ba. Wata rana bayan isha'i muna zaune a ƙofar gidansa ya ce da ni: "Kai da kake ta rubuce-rubuce, ka rubuta wannan. Tun da gwamnati ta fara rabon kuɗin nan, zuciyar mutane ta mutu. Ka je ƙauye neman masu yi maka maimai, sai su ce ba sa zuwa. Da can kafin ka kira mutum biyar, goma sun fito." Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, nawa ne kuɗin da ake ba su ɗin?" Ya ce ko nawa ne, abin banza ai ba ya albarka, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Ban yi masa musu a daren ba, don ba a ja-in-ja da na gaba a ƙofar gidansa. Kuma maganar tasa ba ta wofi ba ce. Addininmu ma ya ƙi mutum ya zama cima-zaune. Hadisi ya inganta cewa hannun da ke sama ya fi wanda ke ƙasa, kuma mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da ya roƙi mutane, su ba shi ko su hana. Tsoron kada kyauta ta lalata mai karɓa ya daɗe a duniya. A Ingila, a 1834, wannan tsoron ne ya sa aka sake dokar taimakon matalauta: lafiyayyen da ke neman agaji sai ya shiga gidan aikin dole, a raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya, da gangan aka tsananta zaman wurin har ya fi rayuwar lebura mafi ƙasƙanci ɗaci, don kada kowa ya yi sha'awarsa. To ashe kawuna yana da magabata a wannan ra'ayi, ko da bai taɓa jin labarinsu ba.

Sai dai a tsaya a duba ta ina ne kyauta ke bi ta hana mutum aiki. Hanya biyu ce, kuma mutane kan cakuɗa su. Ta farko ƙoshi: a ba ka abin da ya ishe ka ci da sha da sutura, sai ka ga babu dalilin shiga rana. Ta biyu ta fi dabara, kuma ita ce mai illar gaske. A ce maka muddin ba ka da komai za a riƙa ba ka dubu ashirin a wata, amma duk naira ɗaya da ka samo da guminka za a zabtare naira ɗaya daga tallafin. Ka fita ka yi dako ka samo dubu goma, a yanke maka dubu goma. Ka wuni a rana, aljihunka na nan yadda yake. Wanda ya ƙi fita a irin wannan tsari lissafi ya iya, kuma ko ɗan kasuwar Tudun Hatsi ne aka sa a matsayinsa abin da zai yi ke nan.

Wannan ta biyun ce ta addabi Amurka, inda mafi yawan wannan muhawara ta samo asali. Tsohon shirinsu na taimakon iyalai masu yara, wanda galibi iyaye mata marasa miji ke karɓa, daga 1981 ya koma kusan dala da dala: bayan 'yan watanni da kama aiki, abin da mace ta samo shi ake cire mata. Tun kafin nan, tsakanin 1968 da 1982, gwamnatinsu ta yi manyan gwaje-gwaje huɗu, mafi girmansu a biranen Siyatul da Denba, inda aka tabbatar wa wasu gidaje kuɗin shiga amma ana zabtare wani kaso, sau da yawa rabi, na duk abin da suka samo. Aiki ya ragu kuwa. Magidanta sun rage awoyinsu kaɗan, ƙasa da kashi 10 cikin 100, matan aure da matasa suka fi ragewa. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ce tallafin gwamnatin tarayya ba zai wuce shekara biyar a rayuwar mutum ba, kuma sai da sharaɗin aiki. Zuwa ƙarshen 2000 masu karɓa sun ragu da fiye da rabi, mata da yawa suka shiga aiki. Har yau masanansu na gardama kan nawa ne rabon dokar a ciki, domin a daidai lokacin tattalin arzikinsu na bunƙasa, kuma an faɗaɗa wani rangwamen haraji da ke ƙara wa mai ƙaramin albashi kuɗi idan yana aiki. Ko ma dai yaya, a can akwai abin kamawa. Kuɗin na da ɗan kauri, kuma gwamnati na ganin albashinka a takarda, tana iya yanka.

Mu dawo gida mu auna namu da wannan ma'aunin. Shirin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɓullo da shi a 2016 ya riƙa bai wa gidajen da suka fi talauci naira 5,000 ne a wata, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000, yawanci a hannun matar gida. Da kuɗin Bankin Duniya aka yi shi, da kuma dala miliyan 322 na Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Raba 5,000 gida talatin, naira 167 ke nan a rana, ga gida guda, ba ga mutum guda ba. Gidan mutum shida, kowa bai tashi da naira 30 ba. A shekara 60,000. Ita kuwa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a bincikenta na 2019, ta ja layin talauci a kan naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya. Wato abin da aka bai wa gida dukansa bai kai rabin abin da mutum ɗaya ke bukata don ya fita daga sahun matalauta ba. Kuma adadin ya tsaya cak shekara da shekaru, farashin kaya na ta hawa. Maganar ƙoshi dai ba ta taso ba. Maganar yanka ma haka, don babu jami'in da ya san nawa mai ƙosai ta ci riba jiya. Ta fita ko ta zauna, dubu biyar ɗinta dubu biyar ce, duk abin da ta samo a kai nata ne. Cikin hanyoyi biyun nan babu wadda ta buɗe.

Ba lissafin baki kaɗai ba ne, an gwada. A 2017 Abhijit Banerjee, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2019, shi da abokan aikinsa uku sun tattara gwaje-gwaje bakwai na rabon kuɗi a ƙasashe shida, cikinsu har da Meziko da Maroko da Indunusiya da Filifin. A kowanne an raba garuruwa ko gidaje ta hanyar ƙuri'a, wasu a ba su, wasu a'a, sannan a dawo a kwatanta. Ba su ga alamar cewa waɗanda aka bai wa sun rage aiki ba, maza ko mata. Wani nazarin na Bankin Duniya ya bi zargin nan na cewa kuɗin a taba da giya suke ƙarewa, ya tarar ba haka ba ne, sau da yawa ma sayen su raguwa ya yi. Idan an ce waɗancan ƙasashen nesa ne, to ga na kusa. A Jigawa da Zamfara, wani shiri da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya riƙa bai wa mata masu ciki naira 3,500 a wata har yaro ya shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da abincin yara. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna tsumburewar yara ta ragu, matan sun ƙara shiga sana'a, gidajen sun ƙara dabbobi. A Kebbi an bai wa mata naira 75,000 cikin wata 15, daidai da dubu biyar ɗin nan a wata, aka tarar sun fi takwarorinsu da ba a bai wa ba kama sana'a. Hausawa da Fulani ne kamar mu, masu kulle irin namu, masu kasuwa irin tamu.

Ni ma na ga nawa da idona. Akwai goggona a wani ƙauye ta wajen Kumo, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Sunanta ya fito a rajista. Ranar da aka fara biyansu ta dawo da sababbin 'yan dubu-dubu guda goma a ƙulle a bakin zani, ta kwana tana juyi. Washegari ta biya mai shago bashin da ya hana ta bi ta ƙofarsa, ta auno gyaɗa da sauran. Ta iya ƙuli-ƙuli tun tana budurwa, abin da ya tsayar da ita shekara uku rashin kuɗin tiya biyar na gyaɗa ne kawai. Na je gaishe ta wani lokaci na same ta tun da hantsi a gindin murhu, hayaƙi ya cika rumfa, tana matsar tunkuza a turmi, man na tsattsafowa tana kwalfewa da ludayi a kwalba. Babbar 'yarta na murza ƙulin, ƙaramin na jiran tire ya kai tasha. Na ce, "Goggo, sannu da aiki, ashe an koma ruwa." Ta ce, "Yo ɗan nan, da me za a zauna? Wannan kuɗin ai baƙo ne, yau ya zo gobe babu shi. Gara in mai da shi ɗan gida." Biya na uku ta shiga adashi, da ta kwasa ta sayi tunkiya.

Abin da masu maganar mutuwar zuciya ke mantawa shi ne aiki ma sai da kuɗi ake yin sa. Mai dako na bukatar baro, mai wanki sabulu da gawayi, manomi iri da taki da abincin da zai riƙe shi daga shuka zuwa kaka. Talakan da ba shi da ko sisi, jikinsa kaɗai ya rage masa ya sayar, a kuma farashin da mai saye ya ga dama.

A nan ne na gano abin da kawuna ke gani. Watan Agusta, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba. Ƙaramin manomi na da gonarsa da ciyawa ke ci, amma yara na kukan yunwa yau. Dole ya bar tasa ya tafi ta kawu ya yi maimai, ya samo na tuwon dare. Tasa gonar ta lalace, kaka ta zo ya girbe kaɗan, ko kuma ya riga ya ci bashin ba-da-kaka, ɗan kasuwa ya zo ya kwashe buhunan a rabin farashi. Baɗi ma haka. To ranar da dubu goma ta shigo gidan a tsakiyar damina, ya samu sati biyu na abinci, ina kake zaton zai kai fartanyarsa? Gonarsa zai tafi. An ga irin wannan a Malawi da Zambiya: masu karɓar tallafi sun rage ƙwadago a gonakin wasu, sun ƙara aiki a nasu. Shi mai babbar gona abin da ya gani shi ne ya kira ba a zo ba, ko an zo an ce sai ya ƙara kuɗi. Daga inda yake tsaye lalaci ne. Da zai zagaya bayan gari da ya tarar da mutumin a duƙe. Ban ce kawuna mugu ba ne, yana biyan haƙƙi kafin gumi ya bushe, kowa ya shaide shi. Amma arahar leburan da ya saba da ita yunwa ce ke kawo masa ita, kuma bai taɓa kallon abin ta nan ba.

Duk da haka akwai inda maganarsa ta kama ƙasa, sai dai ba a kan dubu biyar ɗin zawarawa ba.

Ɗauki bashin noma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, wanda ya bazu har ya iso masu noman shinkafa da masara da auduga na yankinmu. Kuɗin da aka fitar sun haura naira tiriliyan ɗaya. A 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kacal aka biya, Babban Banki ya musanta ya ce an ɗan haura rabi. Ko da ta bankin aka ɗauka, kusan rabi bai dawo ba. Wasu ambaliya ce ta cinye su, wasu kayan ba su iso ba sai da damina ta yi nisa, wannan gaskiya ne. Amma kowa a nan ya san waɗanda suka karɓi taki da injin ban-ruwa suka sayar a kasuwa tun ba a kai su gona ba, kuma kowa ya ji kalmar da ake faɗi: "Rabonmu ne na arzikin ƙasa." Haka TraderMoni, naira 10,000 da aka bi kasuwanni ana rabawa a 2018, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo da kansa yana zagayawa, watanni kaɗan kafin zaɓen 2019. A takarda bashi ne, ka biya cikin wata shida a ba ka 15,000. 'Yan adawa suka ce sayen ƙuri'a ne. Masu karɓa da yawa su ma haka suka fahimta, ba su ga dalilin biya ba. A nan an yi ɓarna ta gaske, domin an koya wa mutane cewa kalmar bashi ba ta da nauyi idan gwamnati ce ta faɗe ta, wanda ya biya kuma ya zama abin dariya a majalisa. Matar da ba ta taɓa fashin zubin adashi ba, ita ce ta ƙi biyan na gwamnati, don a adashi akwai idon da ke kallonta, akwai kuma ranar kwasa da ta tabbata.

N-Power ma, shirin gwamnati na bai wa matasa aikin wucin gadi, ta nuna fuska biyu. An ɗauki matasa 200,000 a 2016, aka ƙara 300,000 a 2018, ana ba masu digiri da NCE naira 30,000 a wata, a lokacin da mafi ƙarancin albashi ke 18,000. An ce shekara biyu za su yi, rukunin farko suka kai 2020. Na san wanda ya riƙe aji da gaske a wata firamare da malamai suka yi wa ƙaranci, ya tara ya sayi keken ɗinki, yau yana da yara uku a shagonsa. Na kuma san wanda sau biyu kacal ya taka makarantar da aka tura shi, alat na shigowa duk wata, babu wanda ya tambaye shi. Kuɗi ɗaya, tsari ɗaya. Na biyun ya gane tun wata na farko cewa zuwa da rashin zuwa duk ɗaya ne, ya kuma yi irin lissafin da muka ce kowa zai yi. Idan aka ce kuɗi ladan aiki ne sannan aka ƙi duba aikin, an raina wanda ya je.

Amma babbar cutar, a ganina, tana wajen yadda abu ke isowa hannu. Tallafin da aka san ranarsa da adadinsa, mutum na iya ɗora shiri a kansa: ya shiga adashi, ya ɗauki gyaɗa bashi, ya san yaushe zai biya. Wanda ba a san ranarsa ba, ba a san wa zai samu ba, caca ne. A Oktoban 2023, bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da rabon naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata mata, aka kuma tsayar da shirye-shiryen gaba ɗaya na wani lokaci. Aka shafe fiye da shekara galibin gidajen ba su ga ko kashin farko ba. A tsakanin nan me mutane ke yi? Cika fom. A ce an buɗe shafi, a ruga shagon intanet, a biya kuɗin cikawa, a biya na hoto, a gyara NIN, a haɗa da BVN, a je wajen mai POS a duba ko ya shigo. Wani fom ɗin ma na 'yan damfara ne. Sai kuma jita-jita ta zo cewa sunaye na hannun wane, sai a koma ƙofar gidan wane.

Wannan zaman ƙofar gida shi ne abin da ya cancanci a kira mutuwar zuciya. Ka wuce gidan duk wani mai muƙami da safe ka ƙirga majiya ƙarfin da ke zaune a kan benci da gindin bishiya, suna jiran ya fito a yi masa kirari ya miƙa 'yan ɗari biyar-biyar. Ba su jahilci sana'a ba. Sun auna ne sun ga wuni ɗaya a nan, in an dace, ya fi wuni uku a garejin kanikanci, kuma ta nan ne sunan mutum ke shiga jerin masu samun buhun shinkafa ko babur ko keken ɗinkin da za a sayar a ranar. Inda abu ke bin sanayya, fadanci ya zama sana'a mai riba fiye da walda. Mu a Gombe mun ga ƙarshen wannan hanya. 'Yan Kalare, 'yan dabar da suka addabi gari tun wajen zaɓen 2003, kamar Sara-Suka a Bauchi, ba shirin taimakon gajiyayyu ne ya haife su ba. Kuɗin siyasa ne, wanda sharaɗinsa biyayya, aka raba wa samari har suka bar koyon sana'a, zaɓe ya wuce aka watsar da su da adda a hannu. In ana neman kyautar da ta lalata tarbiyya a jihar nan, ga ta nan, kuma ba talaka ne ya tsara ta ba.

Shi kansa rabon a fili, na layi da turereniya, yana cin wuni guda na aiki, wani lokaci ya ci fiye da haka. A watan azumin 2024, cikin Maris, a garin Bauchi, mutum bakwai, mata da yara, suka rasu a turmutsutsun karɓar zakkar naira 10,000. Wanda ya ce waɗannan matan lalaci ne ya fito da su tun asuba, bai taɓa tsayawa a irin layin ba.

Wani abu kuma da ke ba ni mamaki: a 2022 kaɗai ƙasar nan ta kashe fiye da naira tiriliyan 4 a tallafin man fetur, wanda mai motoci uku da janareta ya fi kowa morewa. Kasafin shirye-shiryen talakawa duka, a shekarar da aka fara su, biliyan 500 ne. Ban taɓa jin an zauna a majalisa ana fargabar kada arahar mai ta kashe wa mai jif zuciya ba.

Malaman fiƙihu sun riga mu tunanin wannan matsala. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta jera mutum takwas da ake bai wa zakka, faƙirai da miskinai a gaba. Da aka zo kan nawa za a ba mutum, malaman Malikiyya suka ce ana iya ba shi abin da zai ishe shi shekara. Na Shafi'iyya suka ce mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa, ɗan kasuwa a ba shi jari gwargwadon irin kasuwancinsa. Babu cikinsu wanda ya ce a tsattsaga ta ƙanana-ƙanana a tara jama'a a ƙofar gida. A Bangaladash wata ƙungiya mai suna BRAC ta bi kusan wannan hanyar tun 2002: a bai wa matar da ta fi kowa talauci saniya ko awaki, a koya mata kiwo, a ɗan riƙe ta da abinci kada yunwa ta sa ta sayar. Da aka dawo bayan shekaru aka tarar awoyin aikin matan ƙaruwa suka yi, abin da suke samu ma haka. Mu kuwa attajiri zai fitar da zakkar miliyoyi ya canza ta 'yan dubu-dubu, mutum dubu su samu na cefanen kwana biyu, baɗi su dawo su dubu ɗin, da ƙari.

Na koma wajen kawu bayan kaka, na same shi ana auna masa riɗi. Na kawo masa zancen ƙaramin manomi da gonarsa, a hankali, yadda ba zai ji kamar ina gyara masa magana ba. Ya yi shiru yana kallon buhu, can ya ce, "To, wannan kuma da sauƙi. Amma waɗancan na ƙofar gidan 'yan siyasa fa?" Na ce a kansu ba mu da saɓani. Ya ce in tabbatar na sa su a rubutun.

Goggo kuwa an daina biyansu tun tuni, ba wanda ya zo ya ce musu an daina, shiru kawai suka ji. Katin na nan a cikin kwalla ƙarƙashin gado, ta naɗe shi a leda. Tunkiyar ta haihu sau uku, ta sayar da rago ɗaya da Babbar Sallah ta biya wa babbar 'yar kuɗin jarrabawa. Gyaɗa ta yi tsadar da wani satin tiya biyu kawai take iya aunowa, satin da babu kuma, ita ma da asuba take ɗaukar fartanya ta fita bakin titi.